Yadda Za Ki Buga Littafinki Da Kanki

Da yawa daga cikinmu akwai wadda ta cika littafin rubutu biyu ko uku da labari, ko girke-girke, ko nasiha kan tarbiyyar yara, ta ajiye a ƙasan akwati tana jiran ranar da wani kamfani zai karɓa. To uwargida, wannan jiran ba dole ba ne. Za ki iya buga abinki da kanki, sai dai ki sani duk aikin da kamfani zai yi ya dawo kanki, kuma kuɗinki da sunanki ne a ciki.

Ba yau aka fara ba

A shekarar 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Bayan nan tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka fi karkata ga littattafan makaranta. Sai marubuta suka daina jira, suka riƙa kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu. Da haka abin da ake kira Adabin Kasuwar Kano ya kafu, kuma mata suka yi fice a cikinsa. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa da Turanci a 2012. Bilkisu Ahmed Funtuwa kuwa, Allura Cikin Ruwa ya kai sunanta gidaje masu yawa.

Amfaninsa

Na farko, ke ce mai iko da littafinki. Babu mai canza miki suna ko ya sa miki hoton da bai dace da mutuncinki ba a bango. Na biyu, ribar taki ce, ba wani ɗan kaso da za ki jira ƙarshen shekara ba. Na uku, sana'a ce da matar aure za ta yi akasarinta daga ɗakinta. Sannan ilimin da ke kanki zai isa inda ƙafarki ba za ta taka ba.

Matakan da za ki bi

1. Shawara da jari. Ki fara shawartar maigida, domin aikin zai ci lokaci da kuɗi, kuma za ki buƙaci mai zuwa miki maɗaba'a da kasuwa. Ki yi amfani da kuɗin da idan suka daɗe ba su dawo ba, ba za ki shiga uku ba, kamar kwasar adashi. Kada ki ci bashi, kada ki sayar da sarƙarki saboda littafin farko.

2. Gyara. Nan ne mafi yawa ake faɗuwa. Bayan an buga miki a kwamfuta, ki karanta da kanki, sannan ki ba wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya duba. Ki tabbata an sa haruffa masu ƙugiya, don kin ga ai "ƙasa" daban, "kasa" daban. Idan kin kawo aya ko hadisi, lallai malami ya duba lafazin da fassarar. Kuskuren da aka buga a kwafi dubu, kuskure dubu ne, kuma ba ya gogewa.

3. Rajista. A Nijeriya, Babban Laburaren Ƙasa ne ke bayar da lambar ISBN, mai alƙaluma 13, wadda ke bambanta littafinki da kowane littafi a duniya. Doka kuma ta ce a kai masa kwafi 3 bayan an buga. Idan a Kano kike, ki nemi sanin ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar kafin ki shiga kasuwa.

4. Maɗaba'a. Ki tambayi farashi a wuri uku aƙalla, ki ga aikin da suka taɓa yi. A rubuta irin takardar, da yawan kwafi, da ranar gamawa. Kada ki biya duka a tashin farko, kuma kada a fara bugu sai kin ga samfuri kin amince. Mai maɗaba'a zai ce miki idan kin buga da yawa kuɗin kowane kwafi zai sauka. Gaskiya ya faɗa, amma fa littafin da ke jibge a ɗaki gara na ci ba riba ba ne. Ki fara da kaɗan, in ya ƙare ki sake.

5. Sayarwa. Kafin ki sa farashi, ki haɗa duk abin da kika kashe, har kuɗin mota, ki raba da yawan kwafi, ki ƙara rabon dillali da ribarki. Masu shagunan littattafai galibi sai sun sayar suke biya, don haka duk wanda ya karɓa ya sa hannu a takarda, ko da ɗan'uwa ne. Kada ki raina kasuwar da ke kusa da ke: Islamiyya, taron ƙungiya, gidan biki da suna. Yau kuma mata da dama na sayar da littafi ta WhatsApp ba tare da takarda ba. Jarinsa kaɗan ne, illarsa ita ce wadda ta saya tana iya tura wa mutum ɗari kyauta.

A ƙarshe 'yar'uwa, ki ɗauko wannan rubutu daga akwati a makon nan, ki ba mutum biyu masu faɗa miki gaskiya su karanta. Abin da suka ce shi zai nuna miki ko lokacin maɗaba'a ya yi, ko da sauran gyara. Allah Ya sa albarka a alƙalumanmu, amin.