Manyan Tayoyi Da Haƙoran Aksil: Lissafin Da Ya Kamata Masu Motocin Dakon Kaya Su Sani

Masu tifa da tirela da dama kan sauya tayoyin motocinsu da waɗanda suka fi su girma, domin motar ta ƙara tsayi daga ƙasa ta kuma jure munanan hanyoyi. Sai dai da yawa kan lura bayan sauyin cewa motar ta yi sanyi wajen tashi da kaya, tana gaza hawan tudu, kuloci kuma yana saurin cinyewa. Akan ɗora laifin a kan inji ko direba, alhali kuwa matsalar tana cikin aksil na baya.

A cikin aksil akwai ƙarafa biyu masu haƙora da ke cuɗanya da juna: ƙarami wanda farfela ke juyawa, da babban faifai wanda ke isar da juyin ga tayoyi. Idan babban yana da haƙora 37, ƙaramin kuma 9, to, farfela za ta juya sau 4.11 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan adadi shi ne ma'aunin aksil. Kamfanin da ya ƙera motar ya zaɓe shi ne bisa girman tayar da motar ta zo da ita, saboda haka duk wanda ya sauya tayar ya taɓa lissafin gaba ɗaya.

Ga misali. Taya mai lamba 315/80R22.5 tsayinta kimanin milimita 1,076 ne, tana kuma juyawa kusan sau 296 a kowace kilomita. Taya 12.00R24, wadda ke buƙatar wili mai inci 24, tsayinta ya kai kimanin milimita 1,220, tana juyawa kusan sau 261 kacal. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kilomita ɗaya ne a minti guda. A giyar da inji da farfela ke juyawa daidai wa daida, injin zai juya sau 1,216 a minti da tsohuwar taya, amma da sabuwar zai sauka zuwa 1,073. Ƙarfin da taya ke tura motar da shi ya ragu ke nan da kusan kashi 12 cikin 100 a kowace giya. A hanya kamar Hawan Kibo, tsakanin Akwanga da Jos, dole direba ya riƙa sauko da giya da wuri, injin ya yi zafi, man dizal kuma ya tafi a banza.

Akwai kuma batun agogon gudu. Da babbar tayar, idan agogo ya nuna 60, motar tana gudun kilomita 68 ne. Tafiyar kilomita 1,000 kuwa za ta fito a matsayin 882, abin da ke rikita lissafin mai da lokacin juyen baƙin mai. Na'urar ƙayyade gudu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanyawa a shekarar 2017, ita ma za ta yi aiki ne da lissafin da ba daidai ba.

Hanyar gyara ita ce sauya haƙoran aksil. Za a raba tsayin sabuwar taya da na tsohuwa, sannan a ninka amsar da tsohon ma'auni. A misalin da ya gabata, 1,220 a raba da 1,076 ya ba da 1.134, idan aka ninka da 4.11 sai a sami 4.66. Ma'aunin da ya fi kusa da wannan shi ne 4.63, wato haƙora 37 da 8, wanda zai mayar da juyin inji zuwa 1,208. Motar da aikinta ɗaukar yashi da dutse ne za ta iya ƙarawa zuwa 4.88 domin samun ƙarfin tashi, amma za ta fi shan mai a doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Legas.

Kafin sayen kaya, wajibi ne a tabbatar da ma'aunin da ke jikin motar, wanda galibi ake rubutawa a ɗan faifan ƙarfe da ke manne da aksil. Wasu manyan motocin suna da ƙarin haƙora a cikin cibiyar kowace ƙafa, don haka a irinsu ƙidayar haƙoran tsakiya kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da na ƙafafun.

Motar da aksil biyu ke turawa, dole ne a sauya duka biyun da ma'auni iri ɗaya. Idan suka saɓa, tayoyin gaba da na baya za su riƙa jayayya, ƙarafa su yi zafi, asara ta ninka. Haka nan ana sayen babban faifai da ƙaramin ne tare, domin a masana'anta aka daidaita su da juna. Ɗaura su aiki ne na ƙwararren bakanike, wanda zai auna tazarar da ke tsakanin haƙoran, ya shafa musu launi ya duba inda suke haɗuwa. Bayan an gama, a zuba man giya mai lambar GL-5, a guji lodi mai yawa a farkon tafiya, sannan a juye man bayan kimanin kilomita 800.

Sauya haƙora ba ya ƙara wa birki ƙarfi, babbar taya kuwa ta fi wuyar tsayarwa. Ba ya kuma ƙara nauyin da aka ƙayyade wa aksil. Don haka mai mota zai kyauta wa aljihunsa idan ya haɗa kuɗin tayoyi, da wili, da haƙoran aksil, da ladan bakanike a lissafi guda tun kafin ya biya kuɗin taya ko ɗaya.