Darasi ga Maniyyata: Nisan Yamai zuwa Jidda da Hukuncin Salla a Hanya

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan uwa maniyyata na Dakoro sun tambaye mu: tun da jirgin sama yana kai mutum Jidda a wuni guda, shin akwai sauran ƙasaru a kansa?

Daga filin jirgi na Diori Hamani a Yamai zuwa Jidda kimanin kilomita 4,000 ne a miƙe, kuma jirgi kan yanke su cikin awa 5 zuwa 6. Kakanninmu kuwa sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya a Suwakin, wasu su shekara biyu ko fiye kafin su ga Ka'aba.

Amsa ita ce ƙasaru tana nan, domin shari'a ta rataya ta ga nisa, ko an wahala ko ba a wahala ba. A mazhabar Imamu Malik nisan ƙasaru buridi 4 ne, wato mil 48, kimanin kilomita 80. Daga Dakoro zuwa Maraɗi ma an haura wannan. Saboda haka maniyyaci yana fara ƙasaru da zarar ya bar gidajen gari, sai fa in ya yi niyyar zaman kwana 4 a wani wuri, to nan zai cika.

Abu na biyu shi ne lokaci. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, kuma mai tafiya gabas wuninsa gajarta yake yi. Misali, jirgi ya tashi daga Yamai da ƙarfe 11 na safe, ya yi awa 5 da rabi. Agogon hannunka zai nuna 4 da rabi na yamma, alhali a Jidda 6 da rabi ce, rana tana dab da faɗuwa ko ta faɗi. Wanda ya ce sai ya sauka zai yi Azahar da La'asar, to yana iya rasa su duka. Lokacin salla yana bin ranar wurin da kake. Don haka a hau da alwala, a yi salla cikin jirgi, a tsaye in da hali, in babu a zaune. Wani sauƙin kuma, jirgin da ya nufi Jidda kusan alƙibla yake fuskanta.

Na uku, harami. Wanda zai wuce Makka kai tsaye ya yi wanka ya ɗaura tufafinsa tun daga Yamai, ya yi niyya kafin jirgi ya wuce daidai miƙati. Wanda ya fara sauka Madina, miƙatinsa Zul Hulaifa ne.

A koyi waɗannan tun a gida, domin cikin jirgi ba a samun sararin tambaya. Allah ne mafi sani. Allah ya ba mu hajji karɓaɓɓe, amin.