Kanari da iccen tarut: wane ne ke cikin haɗari?

Darasinmu na yau a kan halittu biyu ne: tsuntsu da icce.

Rabon halittu

Masana sun kasa masu rai gida gida, kamar yadda muke da dangi da zuri'a. Kanari yana gidan dabbobi, cikin dangin tsuntsaye masu waƙa. Ƙirjinsa rawaya ne. Yana cin ƙwayar ciyawa, yana sheƙa bisa icce.

Tarut kuwa yana gidan tsirrai. Buzaye ne suka ba shi wannan suna. Danginsa ba su yin hure kamar gawo ko mangwaro. Irinsa yana cikin wani ƙwanso mai tauri, ganyensa kuma kore ne rani da damina. Yana tsiro a duwatsun Tasili, kusa da garin Janet na Aljeriya, arewa da iyakarmu.

Halin da suke ciki

Ƙungiyar duniya mai kula da halittu, wato UICN, tana da jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Kanari bai shiga sahun masu haɗari ba, domin ya bazu a ƙasashen Afirka da yawa. Amma ana kama shi, a sa a keji, a sayar.

Tarut yana cikin haɗari. A ƙidayar da aka gama a 2001, itatuwa 233 kaɗai aka samu da rai a can. Wasunsu sun haura shekara 2000. Fari ya hana iri tsira, bisashe suna cinye ƙananan, mutane kuma sun daɗe suna sarar manyan. Tsofaffi ne suka rage, magada kaɗan.

Abin koyi

Yawa ba ya hana ƙarewa. Abin da ba ya barin ƴaƴa, ƙarshensa ya kusa. Manoman Maradi da Damagaram sun gane haka tun shekarun 1980. Da sassaben zamani suka bar tohon gawo da kalgo ya girma cikin gonaki, har itatuwa miliyoyi suka dawo.

Mu ma mu bar toho lokacin sharar gona. Mu hana yara kwasar ƙwai a sheƙa. In babu icce, ina kanari zai sauka?

Tambayoyi

1. Me ya bambanta tarut da gawo?
2. Toho nawa ka bari a gonarka bana?