Idan ka tsinci farcen dainaso, bar shi inda yake

Matafiya da makiyaya a hamadar Tenere, musamman wajen Gadufawa a jihar Agadas, sukan ci karo da wani lanƙwasasshen abu mai tsini a cikin rairayi, nauyinsa na dutse, siffarsa ta farcen shaho. Da yawa sukan ɗauke shi su jefa a jaka. Nan ne ɓarnar take.

Irin wannan farce ne ayarin masu bincike na Paul Sereno suka fara gani a 1997, suka haƙa kewayensa har suka fito da ƙasusuwan Suchomimus, dainaso mai dogon baki irin na kada, wanda ya rayu yana cin kifi fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Da wani ya riga su tsince farcen, da wuya su san inda za su haƙa.

Farcen shi kaɗai ba ya faɗin shekarunsa. Gwajin kabon da ake auna shekaru da shi ba ya wuce kimanin shekara 50,000, don haka shimfiɗar dutsen da ƙashin ke kwance a ciki ita masana ke karantawa: wacce ke ƙasa ta girmi ta sama, kuma idan an dace da tokar aman wuta a kusa, ana auna shekarunta. Dutsen yashin Gadufawa ma shi ya nuna cewa koguna ne suka taɓa malala a wurin. Farcen da aka raba da sauran jiki kuwa yakan ruɗi har gwanaye. A Ajantina an ɗauka babban farcen wani dainaso mai suna Megaraptor na ƙafa ne, sai da aka samu hannun dabbar aka gane na hannu ne.

To, ɗan'uwa, kada ka ciro shi, kada ka wanke, kada ka liƙa shi da gam in ya tsage. Ajiye ashana ko biro a gefensa ka ɗauki hoto, na kusa da na nesa, yadda dutsen da ke kewaye zai fito. Adana wurin a taswirar wayarka. Sannan ka sanar da hukumar yankin ko gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.

Masu saye za su zo da kuɗi a hannu, na kuma san halin da ake ciki. Amma raina yana ɓaci duk lokacin da na ga irin wannan farce a kantin waje, babu mai iya cewa daga wane dutse aka ɓanɓaro shi.