Annobar Korona A Kano: Yadda Ta Taɓa Asibiti Da Makaranta Da Kasuwa

Annoba ita ce cutar da ke kama mutane da yawa a lokaci guda, ta tashi daga wannan gari ta faɗa wancan. Dattawa sun san annobar agana, da ta sanƙarau, da ta amai da gudawa. Amma akwai annobar da ba ta tsayawa a ƙasa ɗaya, sai ta game duniya duka. Cutar korona irin wannan ce.

An fara ganin ta a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Tana sa zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka samu mutum na farko mai ita a Nijeriya, a Legas. Ran 11 ga Afrilu aka tabbatar ta shigo Kano. Bayan kwana biyar gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, wato kowa ya zauna a gida.

Mutanen karkara da yawa sun ce ba su taɓa ganin mai korona da idonsu ba. Wasu ma cewa suka yi ciwon masu hawa jirgin sama ne. To, ko da mutum bai ga majinyaci ba, annobar ta iske shi ta wata ƙofar.

Asibiti

A asibiti ne abin ya fi muni. Likitoci da nas-nas ba su da isassun kayan kare kai, kamar safar hannu da takunkumin fuska. Wasunsu suka kamu. Ganin haka sai wasu ƙananan asibitoci suka rufe ƙofa, wasu suka riƙa mayar da duk wanda ya zo da zazzaɓi da tari. Ɗakin gwajin cutar da ke Kano ma sai da aka rufe shi na wasu kwanaki a cikin Afrilu, daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Su kuma jama'a tsoro ya kama su. Mutum yana jin jiki amma ya ƙi zuwa asibiti, don kada a ce korona ce a killace shi. Sai ya aika yaro kemis ya sayo ƙwaya. Mai hawan jini ya daina zuwa ganin likita. Mai ciwon sukari haka nan. Mata masu juna biyu suka fasa zuwa awo, aka kuma rage kai jarirai allurar rigakafi. Alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da naƙuda ba su san da dokar kulle ba.

A cikin watan Afrilun ne masu haƙa kabari a birnin Kano suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun fi na kullum. Gwamnatin Tarayya ta aiko da masu bincike. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ba da sakamako. Ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Yawancinsu tsofaffi ne masu fama da wani ciwon tun da can. Fiye da rabinsu a gida suka cika, ba a asibiti ba. Wannan magana ta ƙarshe abin lura ce ƙwarai. Da ƙofar asibiti a buɗe take, da kuma tsoro bai tsare mutane a ɗaka ba, da wasu sun samu taimako.

Makaranta

An rufe makarantu a ƙarshen watan Maris 2020. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare ne kaɗai suka koma a watan Agusta don rubuta jarrabawa. Sauran sai a watan Oktoba. Wato yara sun yi wata shida da ɗoriya a gida.

An sa darussa a rediyo da talabijin, kuma wannan dabara ce mai kyau. Sai dai ta fi amfanar ɗan birni. A ƙauye rediyon na maigida ne, yana tafiya da ita gona. Batir kuma kuɗi ne. Yaron da ya fara haɗa baƙi yakan manta idan ya daɗe bai ga allo ba. Da aka buɗe makarantu, ba duka yara ne suka dawo ba. Wasu sun kama tallar da ba su sake bari ba, wasu 'yan matan kuma an yi musu aure.

Makarantun allo ma abin ya same su. Gwamnonin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a manyan motoci suna mayar da su jihohinsu. Da aka gwada wasu daga cikin yaran bayan sun sauka, sai aka same su da cutar. Ashe cusa yara a mota ɗaya hanya ce ta yaɗa ta.

Kasuwa

Mai albashi zai iya zaman gida, don wata zai ƙare a biya shi. Amma ɗan dako, da ɗan garuwa, da mai shayi, da mai tuƙa Adaidaita Sahu, sai sun fita ake ɗora tukunya a gidansu. Ga shi kullen ya faɗo a watan azumi. Kantin Kwari da kasuwar Kurmi suka yi tsit. Daga baya aka sassauta, aka ba da ranakun Litinin da Alhamis don a fita sayen abinci. A waɗannan ranaku cunkoso ya fi na da, wanda kuma shi ne abin da ake gudu tun farko.

Manomi ya ji a jikinsa ta hanya biyu. Lokacin ɗiban kayan noman rani ne. Doka ta yarda motocin abinci su wuce, amma shingaye sun yi yawa a hanya, masu saye kuma ba sa fitowa. Tumatir da tattasai ba sa jira, sai suka riƙa ruɓewa a kwando. Manomi ya sayar da araha, shi kuma ɗan birni ya saya da tsada. Sannan ga damina ta ƙarato, ana neman kuɗin taki da iri. 'Yan cirani da ke aiko da ɗan abin da suka samu sun dawo gida hannu rabbana.

Gwamnati

Ita ma gwamnati aljihunta ya girgiza. A wancan lokacin, kaso mai yawa na kuɗin da ake rabawa jihohi da ƙananan hukumomi daga man fetur yake fitowa. Da duniya ta daina tafiye-tafiye, sai farashin mai ya faɗi. An tsara kasafin kuɗin 2020 a kan dala 57 kowace ganga, dole aka rage zuwa dala 28. In kuɗi ya ragu a Abuja, rijiyar burtsatse da gyaran aji a ƙauye su ke fara jira.

An raba tallafin abinci, amma mutane da yawa sun ce bai iso gare su ba. A watan Oktoba 2020 aka fasa rumbunan ajiye tallafin a wasu jihohi, kamar Filato da Kaduna, aka tarar da kayan da ba a raba ba. Wannan ya ƙara rage yardar talaka da hukuma. Shi ya sa da allurar rigakafin korona ta iso Nijeriya a watan Maris 2021, sai da aka haɗa da sarakuna da malamai wajen shawo kan jama'a. Maniyyata daga Nijeriya ba su samu zuwa aikin Hajji ba a 2020 da 2021. Sai a watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa ga duniya.

Tambayoyi

1. Me ya hana marasa lafiya zuwa asibiti a lokacin kulle?
2. Don me darasin rediyo bai wadatar da yaran ƙauye ba?
3. Ta yaya faɗuwar farashin mai ke shafar aikin ƙaramar hukuma?