Mata a Tarihin Mabiya Addinin Sikh: Tsakanin Zanen Zamani da Kundayen Kafin Mulkin Mallaka

Duk wanda ya nemi hoton jarumar mace a tarihin mabiya addinin Sikh, Mai Bhago zai fara cin karo da ita: bisa doki, da rawani, takobi a zare. Ita ce aka ruwaito ta mayar da mutum arba'in da suka juya wa Guru Gobind Singh baya zuwa fagen daga a Muktsar a 1705. Sai dai wannan kamanni da ya zauna a zukatan jama'a aikin masu zanen ƙarni na ashirin ne. Manufar wannan maƙala ita ce jan hankalin manazarta su riƙa tambayar shekarun hoto kafin su kafa hujja da shi.

Turawan Ingila sun mamaye Punjab a 1849. A 1873 aka kafa ƙungiyar Singh Sabha a Amritsar domin gyaran addini, sannan a 1898 Bhai Vir Singh ya fitar da ƙagaggen labarinsa mai suna Sundari, wanda ya kafa siffar mace mai ibada da juriya a gaban azzalumai. A wannan yanayi ne mafi yawan hotunan da ake yaɗawa suka samo asali. Don haka shaida ce a kan burin masu gyara, ba lallai a kan ƙarni na goma sha takwas ba.

Kundayen da suka riga mulkin mallaka sun fi ƙarancin magana, amma sun fi nauyi. Littafi mai tsarki Guru Granth Sahib ya ambaci Mata Khivi, matar Guru Angad, da sunanta, a baitocin Satta da Balwand, inda aka yabe ta kan kula da langar, wato ciyar da kowa ba tare da duba asali ba. Mai karatu na iya ɗaukar wannan aikin madafa kawai, alhali a ƙasar da bambancin asali ke hana mutane cin abinci tare, langar ginshiƙin addini ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi, a ganina, ita ce wasiƙun umarni da ake kira hukamnama. Bayan rasuwar Guru Gobind Singh a 1708, matansa Mata Sundari da Mata Sahib Devan sun riƙa aike wa jama'u irin waɗannan wasiƙu daga Delhi, suna neman a aiko da gudummawa, suna ba da umarni. A nan ba wani ne ke siffanta mace ba. Ita ce ke magana da iko. Haka Sada Kaur, surukar Ranjit Singh, ta jagoranci rundunar Kanhaiya, kuma da ita aka ci Lahore a 1799.

Zanen wancan zamani kuwa bai bi sawun wannan iko ba. Kundin Janamsakhi na 1733 da ake kira B40, wanda ke ɗakin karatu na Biritaniya, yana ɗauke da zane 57 na Alam Chand, kuma hankalinsu na kan Guru Nanak da tafiye-tafiyensa tare da Mardana. Ko Maharani Jind Kaur, wadda ta riƙe wa ɗanta Duleep Singh sarauta daga 1843, hotonta da aka fi sani George Richmond ne ya zana shi a Landan a 1863, shekarar da ta rasu, bayan mulki ya daɗe da kuɓuce mata.