Darasi na 18: Yawo da keke daga Zangon Kumasi

Kumasi babban birni ne a ƙasar Gana. Shi ne birnin Asante, mutanen da Hausawan da can suke kira Tonawa. A cikinsa akwai unguwannin da ake ce wa Zango, kamar su Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Mazauna Zango iri-iri ne: akwai Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Fulani da Yarabawa. Amma Hausa ce take haɗa su a kasuwa da bakin masallaci. Yaron da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram, in ya sauka can, ba ya bukatar tafinta.

Abin da zai ba shi mamaki shi ne ƙasar kanta. A ƙasar Hausa mai keke yana iya yin tafiya mai nisa bai gamu da tudun kirki ba. Kewayen Kumasi kuwa hawa ne da gangara, ga kurmi, ga jar ƙasa mai santsi in an yi ruwa. Damina biyu ake yi a shekara: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba. Saboda haka masu yawo da keke sun fi son watan Agusta, ko kuma lokacin hunturu.

Mai keke yakan yi sammako. Ya sha koko da ƙosai a Zango, ya duba tayoyinsa, ya ɗiga wa sarƙa mai. Ya ɗaure famfo da faci da sifana da gorar ruwa a bayan sirdi, ya sa hular kwano. Abin da ba a wasa da shi ko kaɗan shi ne birki. A Gana hannun dama ake bi, kamar a Nijar.

Kafin a bar gari akwai wurare biyu da ya kamata a gani. Na farko fadar Manhyia ce, wadda take dab da Zango. An gina tsohuwar fadar a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya. Turawan Ingila sun kama shi a 1896, daga baya suka kai shi tsibirin Seshel, bai dawo gida ba sai 1924. Tun 1995 gidan ya zama wurin ajiye kayan tarihi. Na biyu shi ne barikin da Turawa suka gina a tsakiyar gari bayan sun kama sarkin. Shi ma yau gidan tarihi ne, na soja.

Hanyar gabas

Wannan ita ce ta fi sauƙi. Ana bin hanyar Akra kimanin kilomita 20 zuwa Ejisu. Tuddanta ba su da tsayi, sai dai manyan motoci sun yi yawa, dole mai keke ya riƙe gefen hanya.

Ejisu garin Yaa Asantewaa ne, uwar sarautar garin. A 1900 gwamnan Turawa, Hodgson, ya zo Kumasi ya ce a kawo masa Kujerar Zinariya. A wurin Asante wannan kujera ta fi ƙarfin a zauna a kanta, ko sarkinsu ba ya hawanta. Yaa Asantewaa ta ja gaban mayaƙa, suka kewaye barikin Kumasi wata da watanni. A ƙarshe Turawa suka yi rinjaye, aka kai ta Seshel, can ta rasu a 1921. Kujerar kuwa ba su same ta ba. A cikin sojojin da suka tsare wa Turawa barikin akwai Hausawa masu yawa. Wannan ma yana cikin tarihin Zango, ba a ɓoye shi.

Kusa da Ejisu akwai ƙauyen Besease. Nan ake ganin ɗaya daga cikin tsoffin gidajen tsafi na Asante: ɗakuna huɗu na laka kewaye da tsakar gida, da jinka mai tsini, da zane-zanen da suka ɓullo a jikin bango. Wanda ya san adon gidajen Birnin Damagaram zai tsaya ya kwatanta. Irin waɗannan gine-gine kaɗan ne suka rage, shi ya sa UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 1980. Daga nan sai a karkata arewa zuwa Bonwire, garin masaƙan kente, a sayi abin tsaraba in da kuɗi.

Hanyar tafki

Kudu maso gabas da Kumasi, kimanin kilomita 30, akwai Tafkin Bosumtwi. Hanyar tana ratsa gonakin ayaba da rogo da itatuwan koko, waɗanda ake yin cakulan da ƴaƴansu. Bayan garin Kuntanase sai hanya ta miƙe sama. Mai keke ya yi ta murza feda, gumi na zuba. Da ya kai kan tudu, sai ya hangi ruwa can ƙasa, a kewaye da duwatsu kamar fura a cikin ƙwarya.

Masana sun gano yadda aka yi wannan rami. Shekara fiye da miliyan ɗaya da suka wuce, wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin sama ya daki ƙasa. Ramin da ya bari ya kai kilomita 10 da rabi daga baki zuwa baki. Ruwan sama ya taru a ciki ya zama tafki mai faɗin kilomita 8. Babu kogin da yake fita daga cikinsa. Asante suna girmama tafkin ƙwarai. Masuntan gargajiya ba su shiga shi da kwalekwale. Gungumen katako suke hawa, su riƙa tuƙi da hannu.

Gangarar da take sauka ƙauyen Abono, a bakin ruwa, ita ce wurin haɗari. Tana da tsayi, tana da kwana-kwana. Wanda ya saki keke don jin daɗin iska yana iya ƙarewa cikin rami. Wanda ya damƙe birkin gaba kaɗai zai kifa ta kan ƙaho. Ana fara taɓa na baya, a haɗa da na gaba, a kama a saki, a kama a saki, don kada robar birki ta yi zafi ta daina ci. In gangara ta fi ƙarfin mutum, ya sauka ya ja kekensa. Ba abin kunya ba ne. Kuma duk abin da aka gangara da safe, sai an hau shi da yamma, don haka ba a barin rana ta yi sanyi a bakin tafki.

Hanyar goro

Hanya ta uku ita ce ta arewa. Ta fi sauran wuya, ita ce kuma ta fi shafar Hausawa. Ana fita ta Tafo, a wuce Pankrono garin magina tukwane, da Ahwiaa garin masassaƙa, da Ntonso inda ake buga wa zane tambarin adinkra. Bayan Agona sai Jamasi. A nan ƙasa take miƙewa tsaye kamar bango. Hanya ta riƙa lanƙwasa a jikin dutse har ta kai garin Mampong, kimanin kilomita 55 daga Kumasi. Sarkin Mampong shi ne mai Kujerar Azurfa, wadda take bin ta Zinariya a daraja.

Mai keke da ya tsaya a tsakiyar wannan hawa yana haki, ya kamata ya tuna cewa an daɗe ana hawan tudun nan da kaya a ka. Goro a kurmin Asante yake fitowa. Jaki ba ya daɗewa a kurmi, domin ƙudan tsando yana kashe shi. Saboda haka ƴan dako ne suke ɗaukar goro, su bi ta Mampong da Ejura da Atebubu, su ƙetare kogin Bolta a Yeji, har su kai kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja.

A Salaga ne suke gamuwa da fataken Hausa. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba. Suna kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su koma da huhunan goro a kan jakuna. Tafiyar watanni ce. Duk inda ayari ya sauka ya kwana, wurin shi ne zango. A wannan kasuwa an sayar da bayi ma, mutane irinmu, har yau ana nuna rijiyoyin da suka sha ruwa.

A wancan zamani sarakunan Asante ba su cika barin fatake su shigo kurmi su sayi goro da kansu ba, ko da yake akwai malamai Musulmi a Kumasi tun farkon ƙarni na 19. A 1892 yaƙin basasa ya watse Salaga. Fatake da malamai suka bazu. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Karaci ya koyar har rasuwarsa a 1934. Bayan yaƙin 1900 hanyar Kumasi ta buɗe. Ƴan kasuwa da tsoffin sojoji da masu neman aiki suka yi ta zuwa suna sauka a gefen gari. Sun zo da nufin kwana kaɗan, suka yi aure, suka haifi ƴaƴa. Sunan zango ya bi unguwar.

Yau wanda ya hau tudun Mampong zai ga kurmi yana raguwa, ciyawa tana ƙaruwa, gonakin doya da masara suna bayyana wajen Ejura. Mai ƙarfin gwiwa yana iya zarcewa har Yeji cikin ƴan kwanaki. Amma ba zai tarar da kogin da fatake suka sani ba. Tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965, wurin ya zama babban tafki, sai a sa keke cikin jirgin fito a ƙetara zuwa Makango, sannan a kama hanyar Salaga.

Ma'anar kalmomi

zango: campement de caravane
ayari: caravane
madugu: chef de caravane
kurmi: forêt dense
gangara: descente
birki: frein
ƙudan tsando: mouche tsé-tsé
jirgin fito: bac

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ce wa unguwannin baƙi na Kumasi Zango?
2. Wace ce Yaa Asantewaa? A ina ta rasu?
3. Yaya aka yi ramin Tafkin Bosumtwi?
4. Yaya ake kama birki a kan doguwar gangara?
5. Don me jakunan fatake ba su shiga kurmi?
6. Mai keke yana yin kilomita 11 a awa ɗaya. Awa nawa zai yi daga Kumasi zuwa Mampong in bai huta ba?

Aiki

Ku zana taswira a littattafanku. Ku sa Kumasi da Mampong da Yeji da Salaga da Kano. Ku ja hanyar goro da jan alƙalami. A gida kuma ku tambayi kakanninku ko akwai wani a danginku da ya taɓa zuwa Gwanja.